Ɗakin da Na Toshe wa Kawu Isuhu

Da sunan Allah nake farawa. Wanda ya karanta wannan ya yi haƙuri da rubutuna, iyakar karatuna firamare ce. Shekara bakwai ke nan ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Abin da ya sa na daure yanzu shi ne, kwanakin baya na je barka gidan wata baiwar Allah da ba ta daɗe da zuwa Landan ba, na tarar ta cusa tsumma a ramin iskar ɗakin da jaririnta yake kwance. Ko gaisawa ba mu gama ba na wuce na fizge tsumman. Ta bi ni da kallo kamar ta ga mai taɓin hankali. A ranar ban iya yi mata bayani ba.

Kawuna Isuhu, ƙanin mahaifiyata, gubar hitar kananzir ce ta yi ajalinsa, a ɗakin da ni na toshe masa da hannuna don kada ya ji sanyi. Na faɗa tun farko don kada wani ya tsaya jiran ƙarshe. Mako biyar muna jinya, kowa ya kawo wa ciwon suna, babu wanda ya kalli abin da ke ci a tsakiyar ɗakin.

Kawu makaɗin garaya ne, irin ta maharba, mai tsarkiya biyu da fatar gada. Wurin kakanmu ya gaje ta, a ƙauyenmu na ƙasar Birnin Kudu, kuma ya riƙe tsofaffin take da kirari waɗanda ko a gida an fara mantawa da su. Wani Bature, Mista Robat, shi ya kawo shi Landan wajen ƙarshen shekarun tamanin. Shi ma malamin kiɗan mutanen dā ne na ƙasarsu. Yana kaɗa wata aba mai kama da garaya, sai dai cikinta ƙato ne kamar an raba kabewa biyu, tsarkiyoyinta kuma sun fi goma. Shi ya nema wa Kawu koyarwa a wata kwaleji a Bloomsbury, duk ranar Laraba.

Ni da maigidana mun riga shi zuwa da shekara huɗu. Shi maigidan nawa, Malam, yana aikin gadi yana karatu, ni ina gida da yara biyu. Council, wato hukumar unguwa, ta ba Kawu flat mai ɗaki ɗaya a ginin da ke kallon namu a Thamesmead, in na tsaya a tagar kicin ina hango labulensa. Matarsa Inna Asabe tana gida Nijeriya, don haka abincinsa da wankinsa duk a hannuna suke. Ni kuwa mutum ce mai fargaba, ban taɓa ɓoyewa ba. In na kulle ƙofa sai na dawo na taɓa ta sau biyu. Sunana Hauwa, amma Kawu Kulu Kar-a-ce yake kirana, wai duk abin da nake yi don kar a ce ban yi ba ne.

Ga yadda hitar ta shigo. A gida, in fatar garaya ta yi sanyi, sai a jingine ta a rana ko kusa da murhu, ta ɗame, muryarta ta fito. A Thamesmead kuwa ginin duk kankare ne, in sanyi ya shigo bango har tsatsafar da ruwa yake yi. Sai fatar ta saki, garaya ta koma kamar mai mura. Akwai abin ɗumama ɗaki a jikin bango, amma Kawu ya raina shi.

"Wannan ɗumi ne marar ido, Kulu. Fata wuta ta sani."

Ya je kasuwar tsofaffin kaya ya sayo hita mai lagwani, irin wadda ake zuba wa kananzir. Shekara biyu yana kunna ta na ɗan lokaci kafin ya tafi aji, ba abin da ya faru. A sanyi na uku ne Mista Robat ya shirya musu wasa su biyu a ƙarshen zangon karatu, garaya da tasa abar, a gaban mutane. Kawu ya ɗauki abin da zafi. Ya ce ba zai tsaya gaban Turawa da garaya mai mura ba. Ya koma barin hitar tana ci wuni guda, garayar na jingine a kujera tana fuskantar ta.

Makon farko ciwon kai ne kawai. Na kai masa kunu da safe na tarar ya ɗaure kansa da ƙyalle.

"Kawu, lafiya?"

"Wani maƙeri ne ya tare a kaina. Tun asuba yake ƙira, ko sallama bai yi mini ba."

Na yi masa booking wurin likitan unguwa. Muka zauna fiye da awa ɗaya cikin masu tari, aka gan mu na minti biyar. Likitan mutumin kirki ne, ba ni da abin cewa a kansa, amma a gajiye yake, kuma rabin unguwa mura ake yi. Ya leƙa maƙogwaro, ya ce flu ce, wato mura mai ƙarfi, ya rubuta farasitamol. Muna bakin ƙofa ya ɗago kai ya ce mini, "Keep him warm." Wato kada in bari ya ji sanyi. Da wata ya gaya wa, da ta ƙara masa bargo ta manta da zancen. Ni ya gaya wa.

A ranar na shiga ɗakin Kawu da tsofaffin jaridu da salatif. Na bi gefen taga ina sa bayan hannuna, duk inda na ji iska na cusa takarda na liƙe. Ƙarƙashin ƙofa na shimfiɗa tawul. Sai na ji har yanzu akwai sanyi yana saukowa ta wani wuri. Na hau kujera na gano shi: wani ɗan rami ne mai ragar ƙarfe a saman bango, bayan kabad. Na ɗauka masu gini ne suka manta ba su rufe ba, har na yi musu tsaki. Na yaga tsohon zanena na dunƙule na tura a ciki, na bi da salatif.

Kawu yana kwance yana kallona. Ya ce, "Yanzu ko sauro ne zai shigo nan sai ya nuna fasfo."

Na ji daɗin maganar. Allah ya sani na ji daɗi.

Mako na biyu amai ya shigo, da jiri. In ya miƙe sai ya dafa bango. Malam ya ce tsohon zazzaɓin cizon sauro ne ya taso, don an ce yakan kwanta a jikin mutum shekaru. Ya samo ƙwayoyi wurin wani abokinsa da ya dawo daga Kano. Kawu ya shanye su, suka ƙara masa ƙaiƙayi a kan abin da yake fama da shi. Ni dai na lura jikinsa babu zafi ko kaɗan, na kuma rubuta. Ina da wani littafin makaranta na yara da nake rubuta komai a ciki: abin da ya ci, sau nawa ya yi amai, ƙarfe nawa ya sha magani. Komai na rubuta ban da hitar. Ita ba na ganin ta cikin ciwo, cikin magani nake ganin ta. Ni nake ɗauko galan ɗin kananzir daga shago in hau bene da shi, hannuna na tsami, ina ganin lada nake samu.

Ni ma a makon nan kaina ya fara sarawa. In na zauna da shi awa biyu sai in fito ina ganin duhu-duhu, in na isa gida ya sake ni. Na gaya wa Malam, ya ce, "Ke dama ba ki iya damuwa kaɗan ba. Ki rage tunani." Na yarda da shi.

Abin da ya ɗaure mana kai a mako na uku shi ne ranar Laraba. Da safe da ƙyar zai sa riga. Sai ya dage sai ya tafi aji, in raka shi tashar bas yana jan ƙafa. Kafin ya gama bas da jirgi ya isa Bloomsbury, ya warware. Ya koyar, ya kaɗa, ya dawo da yamma yana ba ni labarin wata ɗalibarsa da ta kasa kirarin ɓauna har ta ciji harshenta. Washegari kuwa ya kwanta kamar an yi masa duka.

Hajiya Mairo, maƙwabciyarmu, wadda aka turo mijinta aikin gwamnati nan, ta zo duba shi da farfesu. Da za ta fita ta ja ni bakin ƙofa.

"Hauwa, ciwon da ke sakin mutum in ya riƙe garaya, ya kama shi in ya ajiye, ke ma kin san ba na likita ba ne."

"Hajiya, Kawu kiɗan maharba yake yi. Bai taɓa kaɗa wa 'yan bori ba."

"Su mutanen ɓoye tambayar ki za su yi wace iri ce? Tsarkiya dai tsarkiya ce."

Ashe Kawu yana ji. Daga kan gado ya ce, "Hajiya, in su ne, ki ce musu su yanki tikiti. Turawa ma biya suke yi."

Ta yi dariya ta ce Allah ya shirye shi, amma kwana biyu sai ga ta da rubutu a kwalba. Ban zarge ta ba. Ita ta riƙe mini yara duk tsawon jinyar, ba ta taɓa nuna gajiya ba. Allah ya saka mata.

Ranar Asabar da rana ya faɗi a banɗaki. Malam ya bar aiki ya ɗauko hayar mota muka kai shi sashen gaggawa na asibiti. Awa biyar muna zaune kan kujerun roba, tsakanin wani da ya sare yatsa da wata tsohuwa mai kiran sunan mijinta. A awa ta farko kansa na kan kafaɗar Malam. A ta uku ya tashi zaune ya ce yana jin yunwa. Kafin a kira sunansa har yana koya wa wani yaron Bature yadda ake kiɗa da baki. Likitan, wani saurayi, ya auna jini, ya duba suga, ya liƙa masa wayoyi a ƙirji. Ya tambaya ko yana shan taba, ko yana shan giya, ko ya je Afirka kwanan nan. Ya ce bai ga komai ba, wataƙila ƙwayar cuta ce da za ta wuce da kanta. A mota Kawu ya ce, "Ciwona ɗan ƙauye ne, kunyar likita yake ji."

A nan ina da ƙorafi, kuma zan faɗa. Mutum biyu masu ilimi suka duba shi a makonnin nan, babu wanda ya tambaya da me yake ɗumama ɗakinsa. Tambaya ɗaya ce. Amma ni ma ban faɗa ba, kuma da an tambaye ni, da alfahari zan ba da amsa.

Da muka dawo na zauna na buɗe littafina na bi shi shafi-shafi. Na ga duk ranar da ya fita, washegari ciwon ya fi tsanani. Sai na yanke cewa fitar ce ke cutar da shi, sanyin waje yake kwasowa. Ban tuna cewa duk ranar da ya dawo daga waje ni nake ƙara wa lagwani tsawo don in kore masa sanyin ba.

Mako na huɗu na hana shi fita. Na je akwatin tarho na kira kwalejin da ɗan Turancina na ce an yi cancel ɗin ajin Laraba. Kawu ya yi fushi, abin da ban saba gani ba.

"Uwarki ma da ta goye ni ba ta kulle ni ba."

"Kawu, likita ne ya ce."

"Likita ya ce ki ɗumama ni, bai ce ki dafa ni ba."

Na gyara tawul ɗin ƙofa. Wannan makon bai ga waje ba ko sau ɗaya. Ranar Alhamis ya ɗauki garaya zai gwada hannu. Ya kama taken da nake jin yana kaɗawa tun ina goye, ya kai tsakiya, sai ya tsaya. Ya kalli yatsunsa, ya kalle ni.

"Kulu, me ke biye?"

Na ɗauka wasa ne. Da na ga idonsa na san ba wasa ba ne. Na rera masa wurin a hankali, ni da ban taɓa waƙa a gabansa ba, ya gyaɗa kai kamar yau ya fara ji.

Ranar Lahadi da la'asar Mista Robat ya zo da inabi a leda. Dogo ne siriri, rigarsa ko ta kirki babu a wannan sanyi. Yana shigowa ya tsaya ya yamutsa fuska, ya nufi taga, ya tarar da ita a liƙe. Ya ja yatsa a jikin gilashin, ruwa ya gangaro. Malam yana nan, shi ya fassara mana abin da Baturen ya ce. Wai irin wannan hitar ruwa take fitarwa in tana ci, ita ce ma ke ƙara jiƙa fatar garayar. Kuma wai ba a kunna ta sai da iska.

Kawu ya yi dariyar da rabonsa da ita an kwana biyu. "Robat, a garinku wuta ce ke haihuwar ruwa? To mu a namu rijiya muke haƙawa."

Mista Robat bai yi gardama ba, ya ɓalle salatif ya tura taga ɗaya. Ya zauna kamar awa ɗaya da rabi. Ina kallo Kawu ya tashi zaune, ya nemi shayi, ya ɗauki garaya, taken nan da ya ɓace masa ya dawo. Baturen yana buga cinya yana bin sa da baki. Na gani da idona. Na ce a raina daɗin ganin aboki ne.

Yana fita na rufe tagar. Raina a ɓace yake, ina cewa mutumin da ke yawo da 'yar shara a wannan sanyi shi zai koya mini jinya. Na yanko sabon salatif, na liƙa biyu a inda dā ɗaya ne. Ramin bayan kabad kuwa bai ma san da shi ba.

Ranar Juma'a ta mako na biyar, na kai yara makaranta na dawo, wajen ƙarfe tara na ga bai ɗaga labule ba. Na ɗauki kunu da makullina na haye. Ɗakin da ɗumi sosai. Wutar hitar ta yi ja-ja tana lilo, ba shuɗiya kamar dā ba, na ce in na samu lokaci zan yanke lagwanin. Kawu yana kwance a gefensa, fuskarsa a sake, yana numfashi a hankali. Makonni rabonsa da barci mai daɗi. Na ce alhamdu lillahi, yau ya samu. Na mayar da ƙofa a hankali don kada ta tashe shi, na gyara tawul, na zauna a ƙasa ina jira ya farka ya sha kununsa da zafi.

Wannan zaman shi ne abin da har yau ban iya tunawa ba tare da na tashi tsaye ba. Yana mutuwa a gabana, ni ina rufe kwano da faifai.

Ban san tsawon lokacin ba. Na ji kaina ya yi nauyi, zuciyata na tashi. Na ce bari in sha ruwa, na yunƙura, ƙafafuna suka ƙi. Na kira shi, "Kawu," muryata ta fito kamar ta wani. Bai motsa ba. Da rarrafe na kai ƙofa, na fi minti ina neman mariƙin, na faɗo waje na yi amai a baranda. Wata tsohuwar Baturiya da ke ƙofa ta uku ta fito da karenta ta gan ni. Ita ta kira motar asibiti. Ban taɓa sanin sunanta ba, gaisuwar kai kawai muke yi. Allah ya saka mata yadda ya so.

Mutum biyu suka zo. Na farkon yana sa ƙafa a ɗakin ya ja baya, ya yi wa ɗan'uwansa magana da ƙarfi, ya toshe hanci ya koma ya kashe hitar, ya doki tagar da gwiwar hannu. Suka jawo Kawu waje a bargo. Ina jingine da bango an sa mini abin numfashi, na ga ɗayan ya koma ciki yana duba saman bango. Ya ture kabad. Ya fito riƙe da zanena, ya yi baƙi, ya ɗaga shi yana tambayar mutanen da suka taru wa ya sa wannan a nan. Na gane furannin jikinsa. Na ɗaga hannu kamar 'yar aji.

A asibiti wata likita 'yar Indiya ta zauna a bakin gadona, Malam yana fassarawa. Ta ce sunan abin kabon monoksaid. Na sa Malam ya maimaita har na riƙe. Ta ce ba shi da wari, ba shi da launi, wuta ce ke fitar da shi in ba ta samun iska, ya shiga jini ya hana shi ɗaukar numfashi. Ta ce ramin nan an yi shi ne musamman don wannan. Sai ta tambaya, "In ya bar gidan yana samun sauƙi?" Na ce kullum. "Akwai wanda kansa ke ciwo in ya zauna a ɗakin?" Na ce ni, mako huɗu. Ta rufe ido ta buɗe. Duk amsoshin suna cikin littafina, da rubutun hannuna.

Kwana ɗaya na yi aka sallame ni. Kawu aka kai shi ɗakin masu tsanani. Ma'aikatan wurin ba ni da bakin gode musu. Suna juya shi, suna shafa masa mai a leɓe, sun bar ni ina yi masa addu'a a kunne ba wanda ya ce in matsa. Akwai wata nas 'yar zangon Kumasi mai jin Hausa, kullum in na shigo sai ta sunkuya ta ce masa, "Baba, ka tashi, ɗiyarka ya zo." A rana ta huɗu ya buɗe ido.

Ya gane mu. Maganarsa ta yi nauyi, hannunsa na dama ba ya damƙa, kuma an gaya mana zuciyarsa ta taɓu ƙwarai. An gaya masa hitar ce. Ba a gaya masa zancen ramin ba. Malam ya ce mini, "Ki bar shi ya ji da jikinsa. In kin faɗa, don ki samu sauƙi ne, ba don shi ba." Na san akwai gaskiya a maganarsa. Na daure kwana biyu, ba na cin abinci. A na uku na ga in ya tafi bai sani ba, ban san da wace fuska zan tsaya gaban Allah ba.

Da hantsi ne, an gama goge masa jiki. Na durƙusa a gefen gadon.

"Kawu, akwai abin da ba a gaya maka ba. Ramin nan na saman bango, na numfashin ɗakin ne. Ni na toshe shi. Tagar da Mista Robat ya buɗe, ni na sake liƙewa. Ni na hana ka fita. Ranar Juma'a na same ka a sume na zauna ina jiran ka tashi. Ka yafe mini, ko kada ka yafe, amma ka sani."

Ya daɗe yana kallon silin. Na ɗauka bai fahimta ba. Can ya juyo.

"Wa ya sayo ta?"

"Kai ne, Kawu."

"Wa yake kunnawa?"

Bai jira amsata ba.

"Baturen ya faɗa, wa ya yi masa dariya?" Ya huta, ya jawo numfashi. "Ke kin toshe, ni na kunna. A raba biyu. Ki ɗauki naki, ki bar mini nawa."

"Kawu, nawa ya fi yawa."

"Kin gani ko. Tun kina yarinya ba ki iya rabo ba." Gefen bakinsa ya ɗan motsa. "Na yafe miki naki rabin. Tashi, gwiwarki za ta yi sanyi."

Kwana biyu bayan nan, ana gab da azahar, zuciyarsa ta tsaya. Ina wurin, Malam yana wurin. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ba a ba mu gawarsa a ranar ba. Aka ce sai hukuma ta yi bincike, tunda ba mutuwar ciwo ba ce. Kwana shida yana ajiye, mu da muka saba a binne mutum kafin rana ta faɗi. Wannan ya yi mana ciwo, har yau yana yi. Aka kira ni na faɗi abin da na yi a gaban wani jami'i, ya rubuta, ya ce hatsari ne, ya ba ni ruwa a kofi. Malam ya ce a maƙabarta Mista Robat ya tsaya daga nesa da ɗalibai huɗu har aka gama, yana ta cewa da ya sani da ya ɗauke hitar ya tafi da ita. Inna Asabe kuwa kaset na yi mata, na faɗi komai yadda na faɗa a nan, na haɗa da garayar aka kai mata.

'Yan'uwana da ke zuwa ƙasar nan, mu mutanen zafi ne, in muka ji iska na shigowa sai mu ga abokiyar gaba ce. Duk ramin da kuka gani a bango mai raga, ku bar shi, ko da sanyi zai sa ku kuka. Kada ku kwana da wutar kananzir ko gawayi a rufaffen ɗaki. In wutar hita ko ta girki ta bar shuɗi ta koma ja, ku kashe. In mutum yana ciwon kai da amai babu zazzaɓi, yana warwarewa in ya fita, yana kwantawa in ya dawo, kada ku tsaya neman sunan ciwon, ku fitar da shi ku duba ɗakin. In kun je wurin likita ku gaya masa da me kuke ɗumama gida, ko bai tambaya ba.

Allah ya jiƙan Kawu Isuhu, ya sa ciwon ya zama kaffara, ya haskaka kabarinsa. Wanda ya karanta ya sa shi a addu'a. Ni ma a sa ni. Ya ce a raba biyu, kuma na yi masa alkawari a raina zan bi maganarsa. Shekara bakwai ke nan ina gwadawa, har yau rabon bai fito mini daidai ba.